Wutar da Inna Ta Hana Mutuwa

Bodinga,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya kai ka Kaduna lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, amin.

Na ce wa mahaifiyarka ta sa wannan takarda a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin sabuwar riga, kada ta ba ka a hannu. Ba na son ka karanta ta ina zaune kusa. In ka buɗe ta a cikin jirgi bayan kun bar Gusau, ya yi daidai.

Ka san ni ba mai yawan magana da ku ba ne. Abin da ya rage mini a duniya rubutu ne, shi ma na haya. Ranar kasuwar Bodinga da ta Shagari ina shimfiɗa tabarma in rubuta wa mutane wasiƙu zuwa ga 'ya'yansu da ke Kurmi, ni da na fita Midil ina na ɗaya a ajinmu, na yi shekara goma sha ɗaya ina akawu a sakatariyar Kaduna. Waɗanda na koya wa jera fayil su ne yau ke wucewa ta kan titin nan cikin baƙar mota, ba su ko rage gudu. An sami mulkin kai, an raba kujeru, tawa ba ta fito ba. Na daɗe ina cewa ƙasar nan ba ta san darajar mutane ba, kuma har gobe zan faɗa, don akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wata gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma saura ƙiris ta ci maka aikin nan da ka samu. Tunda Allah ya rufa asiri, gara ka ji ta daga bakina.

An ɗauke ka aikin karanta mita a ofishin wuta, an kuma ba ka ɗaki a benen ma'aikata. Za ka riƙa karanta mitar mutane, wani kuma zai riƙa karanta taka. Ni na zauna a irin wannan bene, hawa na biyu, ɗaki da falo da 'yar madafa. Bari in fara da ƙananan kurakuraina kafin in zo ga babban.

Ranar da aka ba ni mabuɗi ban ko kalli mita ba. Na tsaya ina kunna fitila ina kashewa kamar yaro, ina jin na zama Bature. Da takardar kuɗin wuta ta farko ta zo, ban san daga wace lamba aka fara ƙirga mini ba, ko tawa ce kaɗai ko har da ta wanda ya tashi. Kai ranar da ka shiga, tun kafin ka kwance tabarmarka, ka kira maƙwabci ɗaya ya tsaya, ka rubuta lambar da ke kan mita a gabansa, ka adana.

A benenmu mita biyu ce a kowane gida. Ɗaya ta fitilu, wadda wutarta ke da tsada, ɗaya ta girki da guga da dafa ruwa, wadda aka yi wa rangwame. An gaya mini, na ji da kunne ɗaya. Wata shida ina cire ƙwan fitilar falo ina maƙala wayar dutsen guga a gurbinsa, don na fi son yin guga kusa da taga. Ina biyan kuɗin alkama ina cin dusa. Ka tambaya tun ranar farko wace kafar wuta ta bango ce ke kan wace mita, kuma duk abin da ke yin zafi ka kai shi kafar mai sauƙi. In sanyi ya shigo, ka dafa ruwa sau ɗaya da asuba, wanda zai ishe ka wanka da alwala da shayi, ka zuba saura a fulas. Kada ka ɗumama ɗaki da wuta. Bargon da mahaifiyarka ta sa maka ba ya da mita.

To, ga babban.

Shekarar da aka haifi ƙanwarka Asabe, mahaifiyarka ta dawo gida wanka, ta taho da kai. Sai kakarka, Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ce ba za ta bar ni ina cin abincin kasuwa ba. Ta taso daga Sifawa a farkon sanyi, ita da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Ranar da ta sauka na kai ta madafa, na murɗa makunnin murhun lantarki, ƙarfen ya yi ja. Ta ja da baya tana salati. Na ce mata nan ake kunnawa, nan ake kashewa, ina magana ina duba agogo don na makara ofis. Ta gyaɗa kai. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta ce in maimaita. Daga ranar ban sake taka madafar ba. Me zai kai namiji madafa, balle akawun gwamnati?

Wata ya ƙare, takarda ta zo, kuɗin ya ninka har ban yarda da idona ba. Na ce kuskure ne. Wata na biyu ya fi na farko. Sai na zauna jiran mai karanta mita.

Sunansa Audu, wani Bazazzagi siriri mai keke, da fensir a bayan kunne da littafi ɗaure da roba. Elementare kawai ya yi. Na tare shi a kan matakala.

Na ce, "Kai ne ke rubuta mini wannan shirme?"

Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, Akawu, abin da mita ta ce shi na rubuta."

"Mita ta ce, ko kai ka ce? Ni da tsohuwa ɗaya, injin niƙa muke da shi?"

Ya yi ƙasa da murya, ya dubi ƙofa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da dai za ka ɗan leƙa madafa..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na juya harshe zuwa Turanci don ya fi jin zafi, na ce ba a ɗauke shi aiki don leƙen madafar mutane ba. Maƙwabta sun fito suna kallo, ni kuwa ina jin daɗin yadda Turancin ke fita. Ya mai da hularsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya sauka.

Haliru, in mutum ya rage murya zai gaya maka magana, ka yi shiru ka ji. Wanda ke son cin mutuncinka ɗaga murya yake yi.

Da ya tafi sai na ce bari in karanta mitar da kaina in kama shi. Za su koya maka, amma ka ji tun yanzu: fuskokin nan biyar masu kama da ƙananan agogo ba duka ke tafiya hanya ɗaya ba. Ɗaya ta bi dama, ta kusa da ita ta bi hagu, haka har ƙarshe. Ni na karanta su duka kamar agogon hannuna, na sami lamba ƙasa da tasa da nisa. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni da na zo na ɗaya a lissafi?

A ranar na rubuta takardar koke shafi uku, na buga ta da tafireta ta ofis. Na ce mutumin ba ya karanta mita, zama yake yi gindin mangwaro yana ƙirƙiro lambobi. Na bi gida gida na sami maƙwabta huɗu suka sa hannu, don babu wanda ba ya jin haushin kuɗin wuta. Takarda ce mai kyau, ban taɓa rubuta wadda ta fi ta ba. Aka kira mu gaban wani Bature injiniya, da akawuna shida zaune a gefe. Ya karanta yana gyaɗa kai, ya yaba Turancina. Ya tambayi Audu ko yana da abin cewa. Audu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Abin da mita ta ce shi na rubuta." Bai ƙara ko kalma ba. Ba wanda ya tashi ya je ya duba mitar. Aka karɓe littafinsa, aka mai da shi cikin masu ɗaukar tsani suna bin masu gyaran waya, aka rage masa albashi. Yana da mata da 'ya'ya uku. Na fito ina taku ɗai-ɗai.

Kwana tara bayan haka zazzaɓi ya kama ni a ofis, aka ce in koma gida. Na iso da hantsi, lokacin da ban taɓa kasancewa a gida ba. Inna ta sauka ƙasa barkar haihuwa. Gida shiru, ba fitila ko ɗaya a kunne, ba mai girki, amma da na wuce ta gaban mitar girki sai na ga faifan nan na ciki yana juyawa kamar mazari. Na shiga madafa neman ruwa. Ɗumi ya buge ni. Ga babbar tukunyar ƙarfe a kife a kan murhu. Na sa tsumma na ɗaga, ƙarfen yana nan ja wur, ba abin da ake dafawa.

Ina tsaye da tukunya a hannu Inna ta shigo.

Ta ce, "Mi kaka biɗa nan? Mai da ta, kar iska shi shiga."

Na ce, "Inna, me ya sa wutar ke kunne?"

Ta ce, "To da kashe ta za ni yi? Garin ga kowa ya kulle ƙohwa tai kamar kurkuku, ba maƙwabcin da za ka ɗebo wuta wurinai. In ta mutu kana ohis, wa ka tashe ta?" Sai ta gyara ɗaurin zane, ta dube ni da fara'a. "Tun ran da ka hura min ita ban bari ta mutu ba, ko sau guda. Macen da wuta ka mutuwa hannunta ragguwa ta."

Ka san yadda ake yi a gida. In an gama tuwo a binne garwashi cikin toka, a kife kasko, da safe a tone a hura. Haka ta yi shekara hamsin a Sifawa, kuma ba a taɓa ganin ta da ɗan kasko tana roƙon wuta gidan wani ba. Abin alfaharinta ke nan. Ta zo birni ta riƙe mini gidana yadda ta iya, dare da rana, wata uku.

Na kama hannunta na ɗora a kan makunni, muka kashe tare, muka kunna tare, har sau biyar. Ta yi dariya ta ce, "Ashe wutar Nasara ba ta da zuciya, ko an kashe ta ba ta fushi." Abin da ya kamata in yi ranar farko ke nan, bai ɗauke ni minti biyu ba.

Mutanen gida za su sauka wurinka, masu albasa da masu zuwa asibiti da masu neman aiki, kuma ba za ka kori kowa ba, don ba a san mu da haka ba. Wata rana mahaifiyarka ma za ta zo. Kada ka nuna musu makunni da baki kana duba agogo. Ka sa hannunsu a kai su yi da kansu. Gyaɗa kan babba ba ganewa ba ne, sau da yawa kunya ce. Kuma ka riƙa shiga madafarka, ba abin da zai ragu a jikinka.

In kuwa takarda ta zo maka da kuɗin da ba ka yarda da shi ba, ka fara da gidanka. Ka kashe komai, ka je ka tsaya gaban mita. In faifan ya tsaya, to wutar kai ka sha. In yana juyawa, ka bi ɗaki ɗaki har ka gano abin da ke ja. Sai ka rasa sannan ka tafi ofis, da ƙafarka, da lambobin da ka rubuta, ka roƙi a zo a duba. Alƙalami shi ne na ƙarshe. Magana iska na kwashe ta, takarda kuwa fayil ake buɗe mata, ni na sani, aikina ne.

Yanzu ga inda laifin yake. Duk abin da ya wuce kuskure ne, wannan kuwa da sanina na yi. A ranar na san Audu ya yi gaskiya. Ofishin wuta bai fi tafiyar minti goma a keke ba. Ban je ba. Na ce wa kaina ina rufa wa Inna asiri, kada bene duka ya yi mata dariyar ƙauyanci. Ƙarya nake yi, kaina nake rufa wa. Yaya zan koma gaban Baturen da ya yaba Turancina in ce ban iya karanta fuska biyar ba? Sabon mai karatu ya zo, lambarsa ta ɗora daidai a kan ta Audu, na biya shiru. Sau biyu na hango Audu a titi da tsani a kafaɗa, sau biyu na sauya hanya.

Alƙalamin kuma ya ɗanɗana jini. Bayan shekara biyu na rubuta irin wannan takarda a kan wani na gaba da ni. Shi yana da masu riƙe masa tsani. Ni aka sallama daga aiki. Ka san sauran, a Bodinga ka girma.

Da ka gaya mini ka ci jarrabawar ofishin wuta, saura babban mai kula da masu karatu ya zaɓi waɗanda za a ɗauka, na yi murna kwana ɗaya. Washegari na haɗu da Alhaji Modi na Danchadi, taubashina, wanda ke kai albasa Kaduna. Na tambaye shi ko ya san wane ne babban. Ya ce wani Malam Audu ne, Bazazzagi, an ce da can tsani yake ɗauka. Haliru, sunana na manne da naka a kan takardar, har da Bodinga a ƙarshe. Mako uku abinci bai yi mini daɗi ba. Mahaifiyarka ta ɗauka ciwon ciki ne, ta yi ta jiƙa mini saiwa. Ina kallonka kana wanke riga kana shirin tafiya, ni kuwa na san na riga na sayar da aikinka tun kana ɗan shekara bakwai.

A ƙarshe na zauna na rubuta masa. Da Hausa, shafi ɗaya, ba kwalliya. Na faɗi tukunya, na faɗi fuskoki biyar, na faɗi sauya hanya. Na ce in akwai bashi ni ne mai shi, kada a bi yaro. Na ba Modi ya kai hannu da hannu.

Ranar kasuwar Shagari da ta wuce ina kan tabarmata sai ga Modi, yana tafe yana washe baki.

Ya ce, "Baturen Bodinga! A ba ni goron albishir, ko in koma da abina."

Na ce, "Modi, bar wasa. Ya karanta?"

"Sau biyu. Yac cire tabarau, yay yi ta dariya har da hawaye."

"Dariya?"

"Dariya mana. Yac ce in gaya ma Akawu ya riga ka sanin tukunyar. Tun wata na biyu ya gan ta. Ya so shi gaya ma tsohuwa, sai ta dama mai fura, ta kai shi ta gwada mai wutar tana yabon kanta, bakinai ya mutu. Ya so shi gaya ma ɗanta, ɗan ya yi mai Turanci."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa gaban Bature? Kalma ɗaya ta ishe shi."

Modi ya daina dariya. Ya ce shi ma ya tambaye shi haka, ga abin da ya amsa, kuma na sa ya maimaita mini har na rubuta: "In tsaya gaban Bature da akawuna shida in ce uwar mutum ba ta san wuta ba? Ni ma ina da uwa a ƙauye. Na ɗauka in ya gano zai zo. Na jira shi."

Modi ya ci gaba, ya ce Malam Audu ya ce kada in ɗauka godiya yake mini. Tsani ya ci kafaɗarsa shekara huɗu, har yau in sanyi ya shigo yana ji. A kan tsanin ya koyi aikin waya har ya kai inda yake, amma wannan yin Allah ne, ba nawa ba. Sannan ya jawo takarda daga aljihun tebur ya nuna wa Modi. Ashe ya sa hannu a kan sunanka kwana shida kafin wasiƙata ta isa, kuma ya gane sunan sarai. Ya ce, "Yaro ne ya ci jarrabawa, shi na ɗauka. Uban kuwa ya makara shekara goma sha biyu, amma ya iso. Ka ce na yafe."

Modi ya miƙo mini takardar ɗaukarka, ya ce, "To ina goron? Ko shi ma sai ka rubuta koke?" Na saya masa na sule guda, ban yi ciniki ba. Na naɗe tabarma tun azahar ba ta yi ba, na dawo gida na ci tuwo malmala biyu. Mahaifiyarka ta ce saiwarta ce ta yi aiki, na bar ta a haka.

Na fi mutumin nan boko nesa ba kusa ba. Na yi shekaru ina ƙirga waɗanda suka wuce ni ba su cancanta ba, kuma suna da yawa, ban janye ba. Wannan ɗaya dai ya cancanta.

In ka isa, kafin ka nemi ɗakinka, ka nemi ofishinsa. Ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni. Akwai ƙaramin buhun albasa da Modi zai ba ka a tashar Kaduna, na gidansa ne. Kada ka ta da maganar nan sai in shi ya ta da ita, kuma ba na jin zai yi.

Aikinka kuwa, ka rubuta abin da mita ta ce, ko mai gidan minista ne, ko ya yi maka Turanci har ya gaji. Kada ka rubuta lambar da idonka bai gani ba. In ƙofa na kulle ka rubuta a kulle take, ka dawo. Za ka gamu da irina da yawa, Kaduna cike take da mu. Kada ka ji tsoronsu, kada kuma ka tona su a gaban jama'a. In ka ga faifai na gudu a gidan da ba kowa sai tsohuwa, ka yi sallama, ka sha furar in an ba ka, sannan ka roƙi izini ka kama hannunta ka ɗora a kan makunni.

Mahaifiyarka na gaishe ka, da Asabe, da mutanen Sifawa duka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙa sa Inna cikin addu'a. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka abokan zama nagari, ya kare ka daga girman kan ubanka, ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Ni ne mahaifinka,
Ladan.